Shin kowace wahala gwaji ce daga Allah?

Ladi_Marwa:
Salama gare ku, 'yan'uwa cikin Almasihu. Ina da tambaya, kuma ina roƙon wanda zai amsa kada ya jefo mini aya kawai ya wuce. Gwaggona 'yar wani ƙauye ce kusa da Mozogo a arewacin Kamaru. 'Yan Boko Haram sun kashe mijinta a gona, ta kwashi yara ta koma wurin babbar 'yarta a Yagwa, sai ambaliyar 2024 ta rushe ɗakin da suke ciki. Duk wanda ya zo jaje daga ikilisiya bakinsu ɗaya: "Ki yi haƙuri, Allah ne yake gwada ki." Yanzu ta daina zuwa sujada. Ta ce in gwaji ne, mene ne ya rage wanda Allah bai sani ba a kanta? Shin kowace wahala gwaji ce? Wa ke da ikon faɗa wa wani haka?

Dattijo_Markus:
'Yata, sannu. Ubangiji ya ta'azantar da gwaggonki. Allah bai jahilci zuciyar kowa ba, mu ne ba mu san tamu ba. A Maimaitawar Shari'a 8:2 Musa ya tuna wa Isra'ilawa cewa shekara 40 ɗin nan a jeji an bi da su ne domin a ƙasƙantar da su, a gwada su, abin da ke zuciyarsu ya fito fili, ko za su kiyaye umarni ko ba za su kiyaye ba. Bitrus ma ya ce ana gwada bangaskiya kamar yadda ake tace zinariya da wuta. Waɗanda suka je gaishe ta ba ƙarya suka yi ba.

Yohanna_Garwa:
Baba Markus, da girmamawa, ban yarda ba. Wanda ya ɗauki bindiga ya harbe manomi a gonarsa ba manzon Allah ba ne, mai kisan kai ne. Yakubu 1:13 ya ce Allah ba ya jarabtar kowa da mugunta. In muka ce wa gwauruwa Allah ne ya aiko mata da wannan, mun wanke hannun mai laifi, mun ɗora jinin a kan Allah. Ta yaya za ta durƙusa ta yi addu'a ga wanda aka gaya mata shi ya kashe mata miji?

Hannatu237:
Yohanna ya faɗi abin da ke raina.

Dattijo_Markus:
Ɗana Yohanna, Sabiyawa da Kaldiyawa ne suka kwashe dabbobin Ayuba suka karkashe bayinsa, su ma 'yan hari ne da takobi. Amma da labari ya iso masa bai ambaci sunansu ba. Ya ce Ubangiji ya bayar, Ubangiji ya karɓa. In ka cire hannun Allah gaba ɗaya daga abin da ya sami matar nan, ka bar ta a hannun 'yan bindiga da ruwan kogi. Ni wannan ya fi ba ni tsoro.

MamanRahila:
Bari in sa baki, don na sha wannan ruwan. Maigidana ya rasu ya bar ni da ƙananan yara, ba hari ba ne, ciwo ne. Kwanakin zaman makoki na ji wa'azi iri-iri, ko ɗaya ban riƙe ba. Abin da na riƙe shi ne wata tsohuwa daga zumuntar mata da take zuwa kullum da yamma, ta hura wuta, ta ɗora tukunya, ta yi wa yara wanka, ta tafi. Ba ta taɓa ce mini gwaji ne ba. Daga baya, ni da bakina na tsaya a majami'a na ba da shaida cewa Ubangiji ya gwada ni kuma ya riƙe ni. Amma ni na faɗa. Da wani ya riga ni faɗa a makon farko, da na rufe masa ƙofa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ladi, ki bar gwaggonki ta yi kukanta. Rashin zuwa sujada na ɗan lokaci ba ridda ba ce.

Fasto_Ishaya:
Maganar Maman Rahila ta taɓa wani abu da nake so mu duba a Littafi da kyau. A Farawa 22:1, mu masu karatu aka gaya wa cewa Allah ya gwada Ibrahim. Shi Ibrahim ba a gaya masa ba. Ya yi tafiyar kwana uku zuwa ƙasar Moriya da Ishaku a gefensa bai san za a sami rago a sarƙaƙƙiya ba. Haka Ayuba: mun san abin da ya gudana tsakanin Allah da Shaiɗan a sura ta 1 da ta 2, amma har littafin ya ƙare ba a bayyana wa Ayuba wannan ba. Da Allah ya amsa masa daga cikin guguwa, tambayoyi ya jera masa a kan halitta, bai ba shi dalili ba.

Waɗanda suka ce sun san dalili su ne Elifaz, Bildad da Zofar. Kwana bakwai na farko sun zauna da shi a ƙasa ba wanda ya ce uffan, nan suka yi daidai. Da suka buɗe baki suna bayyana masa nufin Allah, a 42:7 Ubangiji ya ce fushinsa ya yi ƙuna a kansu domin ba su faɗi gaskiya game da shi ba kamar yadda bawansa Ayuba ya yi. Ayuban nan kuwa shi ne ya la'anci ranar haihuwarsa a sura ta 3.

Yusufu ma ya ce wa 'yan'uwansa, kun nufe ni da mugunta amma Allah ya nufa da alheri. Ku lura da abu biyu. Bai ce ba mugunta suka yi ba, ya kira ta da sunanta. Kuma shi wanda aka sayar ɗin ne ya faɗa, bayan shekaru masu yawa. Da 'yan'uwan ne suka leƙa rijiya suka ce masa "yi haƙuri, gwaji ne", ai da mun ce sun ƙara zunubi a kan zunubi.

Saboda haka na yarda da Baba Markus cewa babu abin da ke faruwa a bayan idon Allah. Inda nake jan kunnen masu zuwa jaje shi ne, ba a ba mu ikon karanta wa wani takardar da ba a nuna mana ba.

Yohanna_Garwa:
Baba Fasto, na gode. Sai dai har yanzu akwai bambanci tsakanin Allah ya ƙyale abu ya faru da Allah ya shirya shi. Mutane suna haɗa su wuri ɗaya.

Bulus_Njamena:
Gaisuwa daga ƙetaren kogi. Mu a Cadi in aka ce gwajin biyayya, tsofaffinmu zamanin Shugaba Tombalbaye suke tunawa. A 1973 da 1974 gwamnatinsa ta tilasta wa mutanen kudu, har da ma'aikatan gwamnati, shiga yondo, tsafin shiga daji na gargajiyar ƙabilar Sara. Kiristoci da yawa sun ƙi. An rufe majami'u, an kori 'yan mishan, an kashe fastoci da masu bishara. A Afrilun 1975 sojoji suka yi juyin mulki aka kashe shi. Kakana yana cikin waɗanda suka ɓuya. Ya ce mini wannan shi ne gwaji wanda ba ya buƙatar mai fassara, domin an sa maka zaɓi biyu a gaba: ka bi Almasihu ko ka bi umarni. Ambaliya kuwa ba ta ba ka zaɓi. Da ruwa ya ci unguwar Walia a Njamena a 2022 ba a tambayi kowa addininsa ba. Ina ganin kamata ya yi mu raba waɗannan biyun.

Saratu_Kusuri:
Gaskiya ne Yaya Bulus. A 2024 da kogin Logon ya cika, maƙwabcinmu Musulmi ne ya zo da kwalekwale ya kwashe mahaifiyata, gidansa ma ya faɗi a daren. Su ma a bakinsu jarrabawa ce daga Allah, kuma na ga haƙurin da ya ba ni kunya. Bama-baman da suka tashi a Marwa a Yulin 2015, a babbar kasuwa da unguwar Barmare, ai Musulmi da yawa ne suka mutu. Kada mu yi magana kamar mu kaɗai abin ya shafa.

Ɗan_Turu:
Tunda Bulus ya kawo maganar zaɓi, ga tawa, ta daɗe tana cina. Ɗan kawuna ya faɗa hannun 'yan Boko Haram a hanyar kasuwa. Sun yanka mutum a gabansa, suka ɗora masa wuƙa suka ce ya bar addininsa. Ya faɗi abin da suke so ya faɗa. Bayan wasu watanni ya samu ya tsere da dare. Da ya dawo, dattawan ikilisiyarsu suka hana shi Jibin Ubangiji, wasu ma ba sa amsa gaisuwarsa. Sun ce ya faɗi gwaji. Yaron nan ba ya barci, da ya rufe ido sai ya tashi da ihu. Shi ke nan nasa ya ƙare?

Iliya_Mora:
Ɗan'uwa, abin da ciwo, amma Matiyu 10:33 a fili take: wanda ya yi musun sanina a gaban mutane, ni ma zan yi musun saninsa a gaban Ubana. Leah Sharibu tana da shekara 14 aka sace ta a Dapchi a Fabrairun 2018. An sako sauran 'yan matan bayan wata guda, aka riƙe ta domin ta ƙi barin bangaskiyarta. Rabaran Lawan Andimi na Michika, nan kusa da iyakarmu, a Janairun 2020 ya fito a bidiyo yana hannunsu yana cewa bai karaya ba domin komai yana hannun Allah, bayan 'yan kwanaki suka kashe shi. In muka ce duk ɗaya ne, me za mu ce wa iyalan waɗannan?

MamanRahila:
Iliya ɗana, an taɓa ɗora maka wuƙa a wuya?

Iliya_Mora:
A'a Mama. Kuma ina roƙon Allah kada ya kai ni ranar. Ban ce a kore shi ba, na ce kada mu mai da abin kamar ba komai.

Katikis_Andarawus:
Ikilisiya ta taɓa tsayawa a daidai wannan wurin, kuma a nan Afirka. A shekara ta 250 Sarkin Roma Desiyus ya ba da doka kowa ya miƙa hadaya ga alloli ya karɓi takardar shaida. Kiristoci masu yawa sun miƙa, wasu sun sayi takardar da kuɗi ba tare da sun miƙa ba. Da tsananin ya lafa sai suka dawo ƙofar ikilisiya suna kuka. Wani firist a Roma mai suna Nobashiyan ya ce sam ba za a karɓe su ba. Bishop Sifiriyan na Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau, ya tara majalisa a 251, aka yanke cewa za a karɓe su bayan tuba da horo, kowa gwargwadon abin da ya yi. Matsayin da ikilisiya ta bi ke nan. Ta girmama shahidai, ba ta kuma rufe ƙofa ga waɗanda suka raunana ba.

Kuma kada mu manta wanda aka ba kiwon tumaki a Yahaya 21 shi ne Bitrus, wanda ya yi musun sanin Yesu sau uku a bakin wuta, ba wuƙa a wuyansa, baranya ce kawai ta fara tambayarsa. Tun kafin ya faɗi, Yesu ya ce masa Shaiɗan ya nemi ya sheƙe ku kamar alkama, amma na yi maka addu'a, in ka juyo ka ƙarfafa 'yan'uwanka. Ɗan_Turu, horo yana da wurinsa, amma horon da ba shi da ranar ƙarewa ba horo ba ne. Ƙin amsa gaisuwa kuwa ba ya cikin kowane littafi.

Hannatu237:
Amin, Baba Katikis.

Ɗan_Turu:
Na gode. Akwai kuma masu ce wa waɗanda suka bar ƙauye suka gangaro Mokolo ko Koza wai rashin bangaskiya ne ya sa suka gudu.

Fasto_Ishaya:
Wannan kam babu gardama a ciki. Yesu da kansa ya ce in sun tsananta muku a wannan gari ku gudu zuwa wancan, Matiyu 10:23. An gudu da shi Masar yana jariri. An zurara Bulus a kwando ta garun Dimashƙu. Sifiriyan ɗin da Katikis ya ambata ma ya ɓuya a tsananin farko, sai a 258 aka fille masa kai. Sansanin 'yan gudun hijira na Minawawo da aka buɗe a 2013 yana ɗauke da mutum fiye da dubu 70, akwai masu bi da yawa daga yankin Gwoza a ciki, suna sujada a can. Wa zai ce musu marasa bangaskiya?

Katikis_Andarawus:
Akwai kuma wanda kiransa ya zauna ne. Fada Georges Vandenbeusch ya san akwai haɗari a Nguetchewe amma ya zauna da mutanensa, aka sace shi a Nuwamban 2013, aka sako shi a ƙarshen Disamba. A Afrilun 2014 aka ɗauke limaman Katolika biyu 'yan Italiya da wata sista 'yar Kanada a Tchéré, suka fito a farkon Yuni. Makiyayi da uwa mai goyo ba nauyi ɗaya aka ɗora musu ba.

Talatu_Ngaundere:
Ku yi mini afuwa zan ɗan karkata. Akwai wani irin "gwaji" da ya yi yawa a garuruwanmu yanzu. Na je taron farkawa, mai wa'azi ya karanta labarin Ibrahim ya ce kowa ya kawo Ishakunsa, wato abin da ya fi so: babur, waya, kuɗin makarantar yara. Wai Allah yana gwada biyayyarmu a daren nan. Na ga mace mai sayar da ƙosai ta kwance bakin zane ta juye jarinta duka. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Yohanna_Garwa:
Wannan sata ce da sunan Allah. A Moriya Allah ya hana hadayar, ya tanada rago da kansa, Ibrahim ya koma gida da ɗansa. Wa ya mayar wa mai ƙosai da jarinta? 2 Korantiyawa 9:7 ta ce kowa ya bayar yadda ya yi niyya a zuciyarsa, ba da tilas ba.

Dattijo_Markus:
A nan kam ni da Yohanna bakinmu ɗaya. Haka masu hana mara lafiya zuwa asibiti wai shan magani faɗuwa gwaji ne. Wannan mutum ne yake gwada Allah, abin da Yesu ya ƙi yi a kan ƙololuwar Haikali. Sama'ila ya ce biyayya ta fi hadaya, kuma biyayyar da ake nufi ga maganar Allah ce, ba ga duk wanda ya riƙe makirufo ba.

Ladi_Marwa:
Na karanta duka, Allah ya saka. Na kira gwaggo na gaya mata maganar Baba Fasto a kan abokan Ayuba. Ta yi shiru, sannan ta ce an ninka wa Ayuba raƙuma da tumaki, amma 'ya'yansa goma na fari suna kabari har yau. Ta kuma ce wani ya karanta mata cewa Allah ba ya ɗora wa mutum abin da ya fi ƙarfinsa, ita kuwa nata ya fi ƙarfinta. Me zan ce mata?

Fasto_Ishaya:
'Yata, ki ce mata gaskiya ta faɗa. 1 Korantiyawa 10:13 tana magana ne a kan jarabar da ke jan mutum zuwa zunubi, cewa Allah zai buɗe hanyar tsira. Bulus ɗin da ya rubuta ta shi ne ya ce a 2 Korantiyawa 1:8 wahalar da ta same su a Asiya ta fi ƙarfinsu har suka fid da zuciya ga rayuwa. Ki karanta mata Zabura 88 in ta yarda. Daga farko har ƙarshe kuka ne, babu inda ta juya ta zama yabo, kuma an bar ta a cikin Littafi. Wanda yake faɗa da Allah bai rabu da Allah ba.

Saratu_Kusuri:
Ni fa ina ganin akwai waɗanda ake gwadawa a labarin nan da ba mu ambata ba, wato mu. Yakubu ya ce addini mai tsarki shi ne kula da marayu da gwauraye cikin wahalarsu, ya kuma tsawata wa mai ce wa mayunwaci "sauka lafiya, ka ƙoshi" bai ba shi komai ba. A Ayuba 42:11 ma 'yan'uwansa da suka zo kowa ya kawo kuɗi da zoben zinariya. Masu zuwa jajen nan, akwai wanda ya kawo kwano ɗaya na dawa ko ya taya su buga tubali? Ladi, ki yi mini magana ta ciki, zumuntar matanmu za ta ga abin da za ta iya.

Dattijo_Markus:
Madalla da wannan, 'yata. Amma ni dai ba zan bar kalmar ba. Na binne mutane da yawa a shekarun nan, na kuma ga waɗanda sanin cewa wahalarsu tana da ma'ana a wurin Allah shi ne kaɗai ya hana su haukacewa. Ibraniyawa 11 ta jera waɗanda suka tsira daga bakin takobi da waɗanda aka kashe da takobi, ta ce dukansu an shaide su saboda bangaskiya. Shadrak da abokansa sun ce wa sarki Allahnmu yana da iko ya cece mu, in ma bai cece mu ba, ba za mu yi wa gunkinka sujada ba. In ba mu koya wa yaranmu wannan tun ana zaman lafiya ba, yaushe za mu koya musu?

Yohanna_Garwa:
A koya musu a makarantar Lahadi, Baba, na yarda ɗari bisa ɗari. A gidan makoki ne nake cewa a kama baki. Da aka tambayi Yesu a kan mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, bai ba da dalilin mutuwarsu ba. A kabarin Li'azaru kuwa kuka ya yi.

Iliya_Mora:
Baba Katikis, ina so in koma kan ɗan'uwan Ɗan_Turu. In an karɓe shi, a gaban jama'a zai tsaya ya furta, ko a gaban dattawa kawai? A ikilisiyarmu akwai matar da aka kashe mijinta domin ya ƙi faɗar abin da yaron nan ya faɗa. A benci ɗaya za su zauna.

Katikis_Andarawus:
A wurinmu Katolika tsakaninsa da Fada ne a ikirari, ba a tsayar da mutum a gaban jama'a. Na san ku tsarinku dabam ne, dattawa ke yankewa. Maganar matar kuwa, kafin a yanke komai a fara zuwa wurinta a ji ta bakinta.

Ɗan_Turu:
Ranar Lahadi bayan sujada zan sami dattawan. Baba Fasto, in kun yarda zan ba babban dattijonmu lambarku, don in maganar ta fito daga bakina za su ce ɗan'uwana nake karewa.